Madhubala, sarauniyar kyau ta tsoffin finafinan Indiya: tambayoyi da amsoshi

Wai wace ce Madhubala ɗin nan da hotonta baƙi da fari yake ta yawo?

Jarumar finafinan Indiya ce ta zamanin da, tun kafin a haifi iyayen wasunmu ma. An haife ta a birnin Delhi ranar 14 ga Fabrairu 1933, ta rasu a Bombay ranar 23 ga Fabrairu 1969, shekararta 36 kacal a duniya, amma a ɗan wannan lokacin ta fito a fim wajen saba'in. Duk wanda ya taɓa ganin hoton wata mace mai murmushi a ɗan karkace, gashi ya sauko mata gefen fuska, ido kamar za ta yi maka tsiya, toh yawanci ita ce. Har yau in Indiyawa suka zauna musun wace ce ta fi kowa kyau a tarihin masana'antarsu sai sunanta ya fito, kuma fa shekara sama da hamsin kenan da binne ta.

Madhubala sunan yanka ne?

A'a. Sunanta na gida Mumtaz Jehan Begum Dehlavi. Da ta fara fitowa tana ƙarama Baby Mumtaz ake rubutawa a fosta, daga baya aka laƙaba mata Madhubala, kuma abin da aka fi faɗa shi ne Devika Rani ce ta raɗa mata, wato matar da ta taɓa riƙe kamfanin shirya finafinai na Bombay Talkies. Ma'anar sunan dai kamar ka ce yarinya mai zuma.

Kenan Musulma ce?

Musulma ce, kuma 'yar gidan Fatan, wato Pashtun, babanta Ataullah Khan mutumin yankin Peshawar ne, mahaifiyarta Ayesha Begum. Kar sunan ya rikita ku, a wancan zamanin jarumai Musulmi da yawa da sunan aro suke aiki, Dilip Kumar ai Yusuf Khan ne, Meena Kumari kuma Mahjabeen Bano, haka abin yake a lokacin.

Ta yaya yarinya daga irin wannan gida ta tsinci kanta a fim?

Talauci ne, ba wai sha'awa ba. Babanta yana aiki a kamfanin taba na Imperial Tobacco sai ya rasa aikin, ga iyali kamar me, su goma sha ɗaya aka haifa ita ce ta biyar, wasu daga cikinsu ma tun suna ƙanana suka rasu. Ita kuma Allah ya yi ta da son rawa da kwaikwayo gaban madubi, har tana waƙa a shirin yara na gidan rediyon All India Radio a Delhi, toh sai uban ya ga ga inda abinci zai fito, ya ɗauko ta sai Bombay suna bin ƙofar situdiyo ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗinta na farko shi ne Basant a 1942, tana da shekara tara. Ba ta yi makarantar boko ba sam, Turancin ma sai da ta girma ta zama tauraruwa sannan ta zauna ta koya.

Akwai wani abu da ya faru da su da in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Ranar 14 ga Afrilu 1944 wani jirgin ruwa maƙare da kayan fashewa ya kama da wuta a tashar jiragen ruwan Bombay ya yi bindiga, unguwannin da ke kusa suka ƙone, mutane ɗaruruwa suka mutu, ɗan gidan da su Mumtaz suke zaune shi ma ya tafi, abin da ya sa suka tsira kawai shi ne sun fita kallon fim a silima a ranar. Suka dawo babu gida babu kaya. Daga nan ne fa ta zama ita ce mai ciyar da gidan gaba ɗaya, Chandulal Shah na kamfanin Ranjit ya ɗauke ta aiki a kan rufi 300, kuɗin Indiya, a wata, kuma tun daga wannan lokacin har ta kwanta ciwo nauyin bai sauka daga kanta ba.

Wane fim ne ya fito da ita?

Kidar Sharma ne ya fara ba ta babbar jaruma a Neel Kamal, 1947, tana da shekara 14, tare da Raj Kapoor wanda shi ma lokacin ne farkonsa a matsayin jarumi. Fim ɗin bai yi wani kasuwa ba. Wanda ya ɗaga ta sama shi ne Mahal na Kamal Amrohi a 1949, tare da Ashok Kumar, labarin wani tsohon gida ne da wata mace da ake gani cikin dare kamar fatalwa, tana lilo a lambu in an matso sai a tarar lilon yana kaɗawa babu kowa. Shekararta 16 a lokacin. Fim ɗin ne kuma ya haska Lata Mangeshkar saboda waƙar da ta rera a ciki, kenan tsuntsu biyu aka jefa da dutse ɗaya.

Ita take rera waƙoƙin da muke ji a bakinta?

A'a, bin baki take yi, irin dai yadda ake yi a Kannywood, mawaƙiya daban mai hawa waƙar daban. Lata Mangeshkar da Asha Bhosle da Geeta Dutt da Shamshad Begum duk sun yi mata murya. Amma ku lura da yadda take hawa waƙa, gira da ido da kafaɗa duk aiki suke, shi ya sa mutum zai rantse daga maƙogwaronta take fitowa.

Gaskiya ne Amurkawa sun neme ta?

Gaskiya ne. A 1951 wani mai ɗaukar hoto na mujallar Life, James Burke, ya je ya yi mata hotuna a gida, su ne da yawa daga cikin waɗanda ake yaɗawa yanzu. A watan Agusta 1952 kuma mujallar Theatre Arts ta Amurka ta yi dogon rubutu a kanta tana kiranta tauraruwar da ta fi kowace girma a duniya alhali ba a Beverly Hills, unguwar taurarin Hollywood, take ba. Darakta Frank Capra ma ya nuna sha'awar kai ta Hollywood, babanta ya ce ba inda za ta je, magana ta mutu a nan.

Ana yawan ambaton babanta, wane irin mutum ne shi?

Toh nan ne ake rabuwa. Shi ne manaja, shi ke karɓar kuɗi, shi ke zaɓar fim, shi ke sa dokoki: ba ta zuwa fati, ba ta zuwa bikin buɗe fim, ɗan jarida ba ya shiga inda take aiki, yamma na yi ta koma gida. Har 'yan jarida suka yi fushi suka dinga yi mata rubuce-rubuce marasa daɗi a farkon shekarun 1950. Masu kare shi, musamman ƙanwarta Madhur Bhushan da ta sha yin hira da manema labarai, suna cewa uba ne mai tsaron mutuncin 'yarsa a masana'antar da ba ta da tausayi, kuma ya san ba ta da lafiya. Masu sukarsa kuma suna cewa kazar da ke saka ƙwan zinare ce ba ya so ta fita daga akurki.

Ni dai a nawa ganin duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, amma abin da ba na iya kau da kai a kansa shi ne zaɓen finafinan, don an yi ta karɓar aiki barkatai saboda kuɗin gaba, aka yi ta jera mata finafinai marasa kan gado, har tsakiyar shekarun 1950 suka dinga faɗuwa a kasuwa ɗaya bayan ɗaya masu harkar suka fara yi mata kallon mai farar ƙafa, yarinyar da ba ita ta zaɓa ba. Sai Mr. & Mrs. '55 na Guru Dutt a 1955 ya ɗan wanke ta.

Kyau ne kawai ko ta iya aktin?

Wannan tambayar tana ɓata min rai wallahi, don ita ce dai aka yi ta yi mata tun tana raye. Kyan ne ya yi mata inuwa, mutane suna shagala da kallon fuska su manta aikin. Duk mai shakka ya nemi Chalti Ka Naam Gaadi na 1958, wanda ta yi da 'yan'uwan nan uku, Ashok Kumar da Anoop Kumar da Kishore Kumar. Akwai wurin da motarta ta lalace cikin dare ana tafka ruwan sama, ta shigo garejin a jiƙe sharkaf tana masifa, bakanike yana gyara yana tsokanarta da waƙa yana kaɗa sifana da guduma, ita kuma tana gefe tana matse gashi tana harararsa, fushin yana narkewa a hankali har dariya ta kusa ƙwace mata tana dannewa. Ba ta ce komai ba a wurin amma ita ka ke kallo. Ƙarshe ta tafi ba ta biya kuɗin gyara ba, rufi biyar da ana goma sha biyu (ana ƙaramin kuɗi ne ƙasa da rufi), bashin da ya zama silar soyayyar. Ban dariya ya fi kuka wuya a fim, kowa ya sani, kuma a nan ne ta fi ƙarfi.

Shekarar 1958 ɗin ma gaba ɗaya tata ce: ga Kala Pani da Dev Anand, ga Phagun, ga Howrah Bridge inda ta fito a Edna mai rawa a kulob, wadda a lokacin jarumar da take ji da kanta ba kasafai take yarda ta hau irin wannan rol ba.

Me ya haɗa ta da Dilip Kumar, me kuma ya raba su?

Sun fara shaƙuwa a fim ɗin Tarana, 1951, suka yi Sangdil a 1952, suka yi Amar a 1954, soyayya ta yi nisa har ana maganar aure, kuma a ido babu abin da zai hana, dukansu Musulmi, dukansu jinin Peshawar. Abin da ya fasa tulun shi ne fim ɗin Naya Daur na B. R. Chopra. An fara ɗauka da ita a 1956, sai darakta ya ce za a tafi wajen gari can yankin Bhopal a yi makonni ana aiki, Ataullah Khan ya ce 'yarsa ba za ta je ba, Chopra ya cire ta ya sa Vyjayanthimala, aka tafi kotu a kan kuɗin da aka riga aka biya. A kotun Dilip Kumar ya tsaya ya ba da shaida a ɓangaren Chopra. Ka yi tunanin yarinya tana zaune, ga ubanta ga masoyinta, jaridu sun cika ɗakin.

Bayan nan labari ya kasu biyu. Dilip Kumar a tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2014 ya ce uban ne ya so mayar da auren harkar kasuwanci, wato su biyun su dinga yi wa kamfaninsa fim, shi kuma ya ƙi. Ƙanwarta kuma ta ce abu ɗaya Madhubala ta roƙa, ya je ya ba babanta haƙuri, shi kuma ya ce ba zai yi ba. Taurin kai ya haɗu da taurin kai kenan. Dilip dai ya auri Saira Banu a 1966, ya rayu har 2021.

Me ya sa ake ta zuzuta fim ɗin Mughal-e-Azam?

Saboda ba a taɓa yin irinsa ba a lokacin. Darakta K. Asif ya fara shi tun shekarun 1940 da wasu jarumai daban, rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta wargaza aikin, aka sake sabon lale a farkon shekarun 1950 da kuɗin attajiri Shapoorji Pallonji, bai fito ba sai ranar 5 ga Agusta 1960. Prithviraj Kapoor ne Sarki Akbar, Dilip Kumar ne Yarima Salim, Madhubala ce Anarkali, baiwa mai rawa a fada da yarima ya kamu da sonta, uba ya ce ba za a yi ba. Sunan Anarkali yana nufin furen rumman. Naushad ne ya yi kiɗan. Fim ɗin ya riƙe kambun wanda ya fi kowane kawo kuɗi a Indiya shekara 15, sai da Sholay ya zo a 1975.

Wuri biyu zan ce ku tsaya ku kalla da kyau. Na farko rawar da ta yi a fadar madubai, wadda aka ɗauka da kala alhali yawancin fim ɗin baƙi da fari ne, tana tsaye gaban sarki tana gaya masa a waƙe cewa ita fa ta yi so kuma ba ta tsoro, kyamara ta ɗaga sama sai ga ta a cikin ƙananan madubai ɗaruruwa tana juyawa, duk inda sarki ya kai ido ita ce. Na biyu wurin da yarima yake shafa mata farin gashin tsuntsu a fuska cikin dare, muryar Bade Ghulam Ali Khan tana tashi daga nesa, babu mai magana. Abin mamakin shi ne lokacin da aka ɗauki wannan wurin su biyun ko gaisawa ba sa yi, Dilip da kansa ya faɗa. Na fara ganin fim ɗin ne a kaset a gidan wani kawuna da ya yi zamanin silimun Kano irin su Plaza da Eldorado, da aka zo nan sai ya ce kowa ya yi shiru, mu yara muna ta mamaki wai me ake kallo tunda ba faɗa ba rawa.

Sarƙoƙin da aka ɗaure ta da su a kurkuku kuma na ƙarfe ne na gaske masu nauyi, Asif ya ce ba ya son na bogi, ta yi ta jan su tana faɗuwa har fatarta ta ƙuje, ga ciwon zuciya tana fama. A 2004 an yi wa fim ɗin kala gaba ɗaya aka sake haska shi a silima.

Ta ci kyauta da shi?

Ba ta ci ba. An sa sunanta a takarar gwarzuwar jaruma ta Filmfare, wato babbar kyautar finafinan Indiya, Bina Rai ta lashe da fim ɗin Ghunghat. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ɗaukar Filmfare ba ko ɗaya.

Wane ciwo ne ya kashe ta?

Da shi aka haife ta, ɓuli ne a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Jinin da ya kamata ya tafi jiki sai wani ya dinga zurarewa ta ɓulin yana komawa huhu, shekara da shekaru huhun yana ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinsa har jijiyoyinsa su lalace, daga nan sai haki da tari da aman jini. Abin ya fito fili a 1954 a Madras tana aikin Bahut Din Huwe na S. S. Vasan, ta yi aman jini, aka yi jinya ta tashi ta koma bakin aiki, gidan suka rufe maganar don in masu fim suka ji ba mai sake ba ta aiki. Yau yaro in an gano masa wannan da wuri tiyata ake yi a toshe ya yi rayuwarsa lafiya, amma a shekarun 1950 tiyatar buɗe zuciya tana jaririya ce ko a Amurka. A 1960 aka kai ta Landan, likitoci suka duba suka ce ba za su yi aiki ba, suka ce da wuya ta wuce shekara biyu. Ta yi tara.

Shekarun nan tara yawanci a kwance ta yi su, jikinta yana tara jini fiye da kima har sai likita ya zo gida ya ɗebe, ga tukunyar iskar numfashi a gefen gado, ta rame ta daina yarda mutane su gan ta. A tsakiyar shekarun 1960 ta yunƙura za ta ƙarasa wani fim da Raj Kapoor mai suna Chalaak, jiki ya ƙi, fim ɗin bai taɓa kammaluwa ba.

Auren Kishore Kumar fa?

Sun yi aure a 1960, shi mawaƙi ne kuma jarumin barkwanci, Hindu ne, ya rabu da matarsa ta farko Ruma. An rubuta a wurare da yawa cewa ya musulunta saboda auren, ƙanwarta kuma ta ce bai canja addini ba. Iyayensa dai ba su yi na'am da auren ba. Bayan dawowa daga Landan ya sama mata gida a Carter Road da nas da direba, zaman kaɗaici ya ishe ta ta koma gidan babanta a Bandra, shi kuma yana leƙowa jefi-jefi, amma an ce shi ya ɗauki kuɗin magani har ƙarshe. Wasu na zaginsa wasu na ba shi uzuri, ni ba zan yanke ba. Ba su haihu ba. Sun yi Jhumroo a 1961 da Half Ticket a 1962 tare, kuma in ka ga yadda take tsalle-tsalle a ciki ba za ka ce mara lafiya ba ce.

Me ya sa ake haɗa ta da Marilyn Monroe, jarumar nan ta Amurka?

Kyau, dariya, rashin sa'ar soyayya, da kuma cewa dukansu suna da shekara 36 suka mutu. Iyakar kamar kenan, rayuwarsu ba iri ɗaya ba ce ko kaɗan, Madhubala daga situdiyo sai gida.

Wanne zan fara kallo?

In kana son dariya fara da Chalti Ka Naam Gaadi, in kana son waƙa da ƙawali, wato salon waƙar taro mai amshi da tafi, Barsaat Ki Raat na 1960, in kuma kana da awa uku da 'yan kai da haƙurin Urdu mai nauyi sai Mughal-e-Azam. Mai son ganinta a fim mai kala daga farko har ƙarshe wanda aka ɗauka haka tun asali sai Jwala, shi kaɗai ne, kuma sai 1971 ya fito, shekara biyu bayan rasuwarta.

Ina kabarinta yake, ana iya ziyarta?

An binne ta a maƙabartar Musulmi ta Juhu a Bombay, wato Mumbai ta yanzu, aka gina mata kabari na farin dutse da ayoyin Alƙur'ani a jiki. Hukumar gidan waya ta Indiya ta buga kan sarki da hotonta a 2008, Google ma sun sa zanenta a shafinsu ranar 14 ga Fabrairu 2019. Kabarin dai babu shi yanzu, a 2010 labari ya fito cewa masu kula da maƙabartar sun rushe tsoffin gine-ginen kaburbura don a samu wurin binne sababbin mamata, nata yana ciki, har da na Mohammed Rafi da na Naushad wanda ya yi mata kiɗan fadar madubai.